Yadda Ake Tantance Sutura da Kayan Ado Masu Kare Muhalli da Haƙƙin Masu Yin Su

Akwai wata jakar hannu da har yau ban yar ba, ko da yake ba ta fituwa. Na saye ta daga wani ƙaramin kamfani a intanet saboda sun rubuta cewa ba fatar dabba ba ce, kuma wai tana kare muhalli. Ɗinkinta tsaf, launinta kamar ƙasa bayan ruwan sama. Wata bakwai da fara riƙe ta, sai mariƙinta ya soma ɓarewa kamar tsohon fenti a bango, ɓarɓashin na manne mini a hannun riga. Mai gyaran da na kai wa ya juya ta, ya kankara da farce, ya ce: "Roba ce aka shafa a kan yadi, wannan ba ta gyaruwa." Na so in kyautata, sai na ƙare da sayen abin da zai daɗe cikin bola yana nan yadda yake.

Tun daga ranar na daina yarda da kalmomin talla. Ina son ƙananan masu zane da ɗinki, masu zaman kansu, waɗanda ke yin kaya kaɗan da hannu, kuma wajensu na fi sayayya. Amma babbar falalarsu a wurina ita ce za ka iya tambayarsu, su kuma ba ka amsa. Ga yadda nake bi kafin in fitar da kuɗi.

Da farko, ku buɗe akwatinku

Kafin a je ga wanda ya yi kayan, a fara da mai saye. Ku fito da duk abin da kuke da shi, ku ware waɗanda ba ku sa ba cikin shekara guda, ku tambayi kanku dalili. Wata rigar ta matse, wata launin ya koɗe, wata kuma sha'awar rana ɗaya ce ta sa aka saye ta. Wannan tarin zai gaya muku irin kuskuren da kuka saba yi.

Dalilin fara wa da nan mai ƙarfi ne. Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake yi a duniya ya ninka tsakanin 2000 da 2015, kuma abin da ake sake sarrafawa ya koma sabuwar sutura bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙungiyar WRAP ta Birtaniya, mai aikin rage shara, kuwa ta ƙiyasta cewa idan aka ƙara wa tufa wata tara kacal a kan lokacin da ake amfani da ita, hayaƙi da ruwa da sharar da ke tattare da ita na raguwa da kashi 20 zuwa 30. Shi ya sa nake amfani da ma'aunin da Livia Firth, mai fafutukar sutura mai kare muhalli, ta yayata: zan sa wannan abin sau talatin? Idan na tsaya ina kame-kame, to a'a ce amsar, sai in rufe shafin.

Na biyu, ku karanta 'yar takardar da ke cikin rigar

Takardar da nake nufi ita ce ƙaramar da aka ɗinke a gefen ciki, wadda ke faɗin irin zaren da kason kowanne. Mai sheƙin da aka rataya a waje ado ce kawai. Idan a intanet kuke saye kuma ba a rubuta ba, ku tambaya. Sayen tufa ba tare da sanin zarenta ba cinikin biri a sama ne.

Auduga tana shan gumi, tana ruɓewa a ƙasa, amma noman ta na cin ruwa. Asusun kare muhalli da namun daji na WWF ya ƙiyasta lita 2,700 don 'yar riga guda mai gajeren hannu. Wanda ke son ganin inda abin yake kai wa ya dubi hotunan Tekun Aral da ke tsakanin Uzbekistan da Kazakistan: tun shekarun 1960 aka karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga, har jiragen kamun kifi suka koma zaune a kan rairayi. Audugar da aka noma ba takin zamani ba maganin ƙwari ta fi sauƙi ga ƙasa da lafiyar manomi, wadda ta dogara da ruwan sama kuma ta fi ta noman rani sauƙin illa.

Foliyesta, nailan da akirilik duk 'ya'yan man fetur ne, wato roba ce aka mayar zare. Foliyesta kaɗai ta haura rabin zaren da ake yi a duniya. Duk wanki sai sun zubar da ƙananan zaruruwan da ido ba ya gani. Masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun gano a 2016 cewa wankin kilo 6 na akirilik na iya sakin sama da zare 700,000 cikin ruwa. Wadda ake kira foliyestar da aka sake sarrafawa galibi daga gorunan roba ake yin ta. Ta rage haƙo sabon mai, wannan gaskiya ne, amma zubar da zaren tana nan. Ni ina karɓar ta a rigar ruwa, jakar goyo ko takalmi, abubuwan da ba a cika wankewa ba. A rigar da za a wanke duk mako kuwa, ina kauce mata.

Inda aka fi yaudarar mutane shi ne yadin da ake cewa na gora, wato itacen bambu. Sunan da daɗi, sai ka ɗauka daga daji aka yanko aka saƙa. Mafi yawansa biskos ne: a narkar da ɓargon itace da sinadarai masu ƙarfi, ciki har da kabon disalfaid mai lahani ga jijiyoyin ma'aikata, sannan a fitar da zare. A 2022 hukumar kare cinikayya ta Amurka ta sa Walmart da Kohl's biyan tarar dala miliyan 5.5 a haɗe saboda sun sayar da irin wannan yadi da sunan gora. Idan kuna son laushin nan, ku nemi layosel, wanda kamfanin Lenzing na Ostiriya ke sayarwa da sunan Tencel. Shi ma daga itace yake, amma ana dawo da sama da kashi 99 na sinadarin narkarwar a sake amfani da shi.

Lilin yana cikin waɗanda na fi so, domin shukarsa ba ta cika buƙatar ban ruwa ba, kuma yadin na ƙara laushi da tsufa. Yana yamutsewa, amma wannan ba aibi ba ne. Ulu da siliki suna daɗewa idan an kula da su.

Sai gauraye. Rigar da aka haɗa auduga da foliyesta, ko aka sa mata zaren roba mai talewa da yawa, da wuya a raba ta a sake sarrafawa. Zare iri ɗaya tsantsa ya fi.

Idan kun yi shakka kuma kayan na hannunku, akwai gwajin wuta da masu ɗinki suka daɗe suna yi. Ku zaro 'yan zaruruwa daga cikin kalmasa, ku riƙe da hantsaki a kan faranti, kusa da ruwa, ku kusanta ashana. Auduga da lilin za su kama da sauri, su yi warin ƙonanniyar takarda, su bar toka mai laushi. Ulu da siliki za su yi ƙaurin gashi, su bar baƙin dunƙule da ke murmushewa tsakanin yatsu. Foliyesta kuwa za ta janye daga wutar, ta narke, ta daskare ta zama ƙwallo mai tauri da ba ya fashewa. Biskos yana ƙonewa kamar auduga, don haka wannan gwajin ba zai raba su ba.

Na uku, ku san abin da kowane tambari ke shaida

Hoton ganye ko koren launi ba shaida ba ne, kowa na iya buga shi. Tambarin da ke da nauyi shi ne wanda wata hukuma daban ta bincika ta bayar, kuma kowanne da iyakarsa.

Tambarin GOTS, na yadin da aka noma zarensa ba sinadari, ya fi faɗi. Sai zaren da aka noma ba sinadari ya kai kashi 95 kafin a ba kaya babban matakinsa, kashi 70 kuma don ƙaramin mataki, sannan yana duba rini da ruwan da masana'anta ke zubarwa da yanayin aiki. Yana zuwa da lambar lasisi, kuma kuna iya shigar da ita a shafinsu ku tabbatar. OEKO-TEX Standard 100 yana nufin an gwada kayan ba a sami guba mai cutar da fata fiye da ƙa'ida ba. Bai ce komai a kan albashin mai ɗinki ko yadda aka yi noman ba, kuma rigar foliyesta ma na iya samunsa. Fairtrade a kan auduga yana tabbatar wa manomi farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, da ƙarin kuɗi na ayyukan al'umma. Ƙungiyar cinikin adalci ta duniya, WFTO, kuwa kamfanin baki ɗaya take tantancewa.

Sai dai kada rashin tambari ya sa ku juya wa ƙaramin mai sana'a baya. Neman shaidar yana cin kuɗi da takardu, mace mai keke biyu da ma'aikata uku ba lallai ta iya ba. Abin da za ta iya shi ne ta faɗa muku inda ta sayi yadin, ta nuna shaidar masaƙar. Wasu kuma ragowar yadin manyan masana'antu suke saye, wanda da ya tafi bola, su yi riga goma ko ashirin da shi. Wannan hanya ce mai kyau, matuƙar sun san irin zaren.

Na huɗu, ku tambayi wanda ya ɗinka

Wannan ne matakin da ya fi taɓa mini zuciya. Ranar 24 ga Afrilu 2013, ginin Rana Plaza mai hawa takwas da ke Sabar, kusa da Daka a Bangladesh, ya rufta da masu ɗinki a ciki. Mutum 1,134 suka mutu, kusan 2,500 suka jikkata, akasarinsu mata matasa. Kwana ɗaya kafin nan an ga tsagewa a bangon, shagunan da ke ƙasa da bankin suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki. A cikin ɓaraguzan aka riƙa tsintar tambarin kamfanonin Turai da Amurka, waɗanda wasunsu ma ba su san a nan ake ɗinka musu kaya ba. Daga wannan masifa ne Carry Somers da Orsola de Castro suka kafa ƙungiyar fafutuka ta Fashion Revolution, da tambayarsu guda: wa ya ɗinka mini tufata?

Ku yi wannan tambayar da kanku. Saƙona gajere ne, kuma cikin ladabi nake tura shi, kamar haka: "Sannu da aiki. Rigar nan ta burge ni. Don Allah a ina aka saƙa yadin, a ina aka ɗinka, mutum nawa ke aikin, kuma albashin wata ake ba su ko kuɗin kowace riga? Idan ta lalace kuna gyarawa?"

Yanayin amsar ya fi abin da ke cikinta bayani. Mai gaskiya zai ba ku sunan gari, adadin mutane, wani lokaci har hoton ɗakin ɗinkin. Zai kuma faɗi inda ya gaza, misali ya ce maɓallan roba ne domin bai sami na ƙaho ko na kwakwa masu ƙarko ba, ko ya ce ya san masaƙar amma bai san gonar ba. Irin wannan amsar tana ƙara mini yarda. Wanda ya dawo da dogon zance a kan ƙaunar duniya da son bil'adama ba tare da suna ko lamba ko ɗaya ba, na gode, na wuce.

Ku lura da bambancin mafi ƙarancin albashi da albashin da zai riƙe mutum. Na farko doka ce ta ƙayyade, na biyu shi ne wanda zai ishi ma'aikaci ci da sha, haya, magani, karatun yara, ya kuma ajiye wani abu, ba tare da ya yi aikin dare ba. A ƙarshen 2023 Bangladesh ta ɗaga mafi ƙarancin albashin masu ɗinki zuwa taka 12,500, kuɗin ƙasar, a wata, alhali ƙungiyoyin ƙwadago sun nemi 23,000. Don haka kamfani zai iya cewa yana bin doka sau da ƙafa, ma'aikatansa kuma suna kwana da bashi.

Kuma dole in faɗi wannan, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba: ƙanƙantar kamfani ba ta wanke shi. Akwai mai zane da ke sayar da kaya da tsada yana kiran su aikin hannu, alhali matan da ke yi masa ado da dutsen kwalliya a gidajensu abin da yake ba su bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma masu sayo kaya da yawa daga manyan masana'antu, su cire tambari su manna nasu. Hanya mai sauƙi ta kama su ita ce ku ɗauki hoton kayan ku bincika da shi a Google. Idan ya fito a shaguna ashirin da sunaye daban-daban, kun gane. Idan kuma zanen ko saƙar ta wata al'umma ce, ku tambaya ko masu ita ne suka yi kuma aka biya su, ko kwaikwayo aka yi aka bar su da hamma.

Na biyar, jaka, takalmi da kayan ƙarfe

Galibin fatar duniya da sinadarin kuromiyom ake jeme ta domin yana da sauri, kuma inda ba a tace ruwan majema yakan lalata koguna. Jimar da ake yi da ɓawon itatuwa da 'ya'yansu tana ɗaukar makonni, fatar kan fito da ɗan tauri, tana duhu da sheƙi yayin da take tsufa, kuma tana karɓar gyara. Ku shinshina: fatar gaske tana da ƙamshinta, ta roba warin sinadari take yi. Ku dubi bakin yanka: ta gaske za ku ga zaruruwanta kamar soso, ta roba za ku ga yadi a ƙasa da shafi a sama, kamar jakata. Akwai sababbin kayan da ake yi daga tsirrai, irin Piñatex da Carmen Hijosa ta ƙirƙiro daga ganyen abarba, amma yawancinsu ana lulluɓe su da roba don su jure ruwa, sai ku tambayi kason. Wanda ba ya son fatar dabba, jakar zane mai kauri ko ta ɓawon itacen da ake yin marfin kwalaba da shi ta fi masa ta roba nesa ba kusa ba.

A wajen sarƙa da 'yan kunne, ku tambayi ainihin ƙarfen. Azurfa mai kyau tana ɗauke da lambar 925, ma'ana kashi 92.5 azurfa ce. Tagulla da azurfar da aka narkar daga tsofaffin kaya ba su rasa komai na ingancinsu. Ku guji kayan da ba a faɗi ƙarfensu ba, domin a irinsu ake samun nikel mai sa ƙaiƙayi, har da dalma, wadda ke da haɗari ƙwarai ga yaro mai kai komai baki. Zinariya kuwa, ƙananan masu haƙar ta da ke amfani da zaiba su ne tushe mafi girma na gurɓata iska da zaiba a duniya, kuma su da iyalansu ke fara shaƙar hayaƙin. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a kan zaiba, ta tanadi rage wannan. Tambarin Fairmined ko Fairtrade a kan zinariya yana nuna an saye ta daga ƙananan mahaƙan da ke bin ƙa'ida kuma aka biya su da kyau.

Na shida, ku juya rigar baibai

Wannan ba ya ɗaukar minti biyu. Ku ja haɗin ɗinkin a hankali. Idan haske ya ratsa, zai ɓarke. Ku ga ko an rufe bakin yadin ko an bar shi yana warwarewa, ko an bar rara a kalmasa don a iya buɗawa in jiki ya canza, ko an ƙarfafa bakin aljihu, ko an haɗo da maɓalli na ƙari. Ku ja zif sama da ƙasa sau uku. Ku goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a wani lungu ku ga ko rinin na zuba. Rinin tsirrai irin shuni yakan ɗan saki a wankin farko, wannan ba matsala ba ce idan mai kayan ya gaya muku tun farko.

Na bakwai, lissafin kuɗi da kulawa

Kayan nan sun fi tsada, babu musu, domin an biya wanda ya yi su. Ku raba kuɗin da yawan sawa. Rigar da ta ninka wata sau uku a farashi amma aka sa ta sau ɗari ta fi araha a kan wadda ta mutu a sawa ta goma. Araha dai ba ta ado. Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya ji kunya ko ya ci bashi. Sayen na hannu, musanya da 'yan uwa, da gyaran wanda ake da shi duk sun fi sayen sabo sauƙi ga muhalli. Idan mai ɗinki ya ce sai an yi oda yake yankawa kuma za a jira mako uku, ku jira, domin haka ne ke hana tara kayan da ba a sayar ba. Ku auna jikinku da kyau ku tura masa, don kada kaya su yi ta yawo ana mayarwa.

In sun iso, ku rage wanki. Rigar da ba ta yi datti ba a shanya ta ta sha iska. A wanke da ruwa mai sanyi ko wanda bai wuce digiri 30 ba, a juya baibai, a shanya a inuwa. Kayan roba a sa su cikin jakar wanki mai tare zare, irin Guppyfriend, a kwashe abin da ya taru a zuba a shara, kada a ɗauraye shi cikin magudana. Fata a shafa mata mai sau biyu a shekara, takalmi a canza masa tafi kafin ya cinye har sama. Maɓalli ya yi lako-lako, a ɗaure shi a ranar. Faransa ma tun Nuwamban 2023 take rage wa mutane kuɗin gyaran tufafi da takalma a wajen masu gyaran da aka yi wa rajista.

Idan tufa ta gama yi muku aiki, ku duba da idon basira kafin ku ba da ita. Kayan da aka tura kyauta ba duka ke samun mai sawa ba. Tsaunukan tufafin da aka jibge a hamadar Atakama ta Cile, da waɗanda ke toshe bakin teku a Akara, babban birnin Gana, bayan sun kasa sayuwa a kasuwar Kantamanto, daga akwatunan masu kyakkyawar niyya da yawansu suka fito. Wadda ke da sauran ƙarfi ku wanke ta, ku gyara, ku miƙa wa wanda kuka san zai sa. Wadda ta mutu kuma ku cire maɓallai da zif ku adana, ku yayyanka ta tsumman goge-goge. Idan auduga ce ko lilin tsantsa, ku zare ɗinkin, wanda galibi foliyesta ne, sannan ku sa guntayen a ramin taki.